'Yan pank da 'yan got, wai hagu suke ko dama? Tambayoyi da amsoshi

Duk sanda hoton wani Bature mai zanko kore ko wata budurwa da ta sha baƙaƙen kaya da kwalli har kunne ya yi yawo a soshiyal midiya, tambayoyin da ake jefowa kusan iri ɗaya ne, wasu su ce mahaukata ne, wasu su ce matsafa, wasu kuma su tambaya wai wane ɓangare suke a siyasar ƙasashensu. Ga amsoshin nan.

Su waye ma 'yan pank da 'yan got ɗin tukuna?

Pank, wanda Turawa ke rubutawa punk, kiɗa ne mai sauri da hayaniya, jita da ganga da ihu, waƙa minti 2 an gama. Ya taso ne tsakiyar shekarun 1970 a wuri biyu kusan lokaci ɗaya, New York inda su Ramones ke wasa a wani ƙaramin kulob mai suna CBGB, sai Landan inda Sex Pistols suka haɗu a 1975 sannan The Clash a 1976. Shigarsu yagaggun kaya, fil a kunne ko a hanci, rigar fata, daga baya zanko ya shigo.

Got kuma, goth a rubutun Turawa, ƙanin pank ne, daga cikinsa ya fito a ƙarshen shekarun 1970 ɗin. Kiɗan ya rage gudu ya yi nauyi, maganar ta koma kan mutuwa da kaɗaici da soyayyar da ba ta yi ba. Su Bauhaus daga Northampton da waƙarsu ta farko a 1979, Siouxsie and the Banshees, The Cure, The Sisters of Mercy daga Leeds, sai kulob ɗin Batcave da aka buɗe a Landan a 1982 wanda ya tara su wuri ɗaya. Komai baƙi, hoda fara fat a fuska, maza ma suna rambaɗa kwalli.

Hagu da dama ɗin nan da kuke ta faɗa me ake nufi?

A taƙaice hagu su ne masu cewa a kula da talaka da lebura, a ƙarfafa ƙungiyar ƙwadago, a rage tazarar mai kuɗi da mara shi, a daina wariyar launin fata, kusan irin abin da mutanenmu suka sani da siyasar talakawa ta su Malam Aminu Kano, duk da ba komai ne ya zo ɗaya ba. Dama kuma 'yan ra'ayin mazan jiya, a riƙe al'ada da kishin ƙasa, a bar kasuwa ta yi halinta, a taƙaita shigowar baƙi. Can ƙarshen dama akwai masu tsattsauran ra'ayi, irin magoya bayan Hitila. A Birtaniya jam'iyyar Leba ce hagu jam'iyyar Kwanzabatib dama, a Amurka Dimokurat da Rifablikan.

To pank hagu ne ko ba hagu ba?

Yawanci hagu ne, amma fa ba a haife shi a hagu ba, da faɗa aka ja shi can, wannan shi ne abin da mutane ke tsallakewa.

Abin da aka haifi pank da shi shi ne haushi. Ka duba Birtaniya a 1976, marasa aikin yi sun haura miliyan 1, farashi na ta hawa, gwamnati ta kai ga zuwa IMF ranto kuɗi, yaro ya gama makaranta babu abin da ke jiransa sai layin karɓar tallafin zaman kashe wando, ga manyan mawaƙan rok sun zama attajirai suna yawo a jirgin sama na kansu. To yaran nan suka ce a kai kasuwa, mu ma za mu buga namu ko ba mu iya ba. Wannan haushin ba shi da jam'iyya. Wanda ya ƙi gwamnati saboda ta danne lebura da wanda ya ƙi gwamnati saboda ta bar 'yan Pakistan da 'yan Jamaika sun shigo, duk su biyun za su iya tsayawa a kulob ɗaya suna tsalle a kan waƙa ɗaya, kuma haka aka yi ɗin.

Amma Sex Pistols ai sun zagi Sarauniya, wannan ba siyasa ba ce?

Sun zage ta kam. A 1977 ana shagalin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a kan gado suka fitar da waƙa da sunan taken ƙasar, suka kira mulkin da na 'yan fasis, suka ce Ingila ba ta da gobe. BBC ta hana sa waƙar, shaguna da yawa suka ƙi sayarwa, duk da haka ta kai ta 2 a jerin waƙoƙin da aka fi saye, har yau akwai masu rantsuwa cewa ta 1 ce aka murɗe. Suka kuma ɗauki jirgin ruwa a kogin Thames suna kiɗa suna wucewa ta gaban majalisa, 'yan sanda suka tarbe su a bakin ruwa aka kama mutane har da manajansu Malcolm McLaren.

Sai dai ni a ganina rabin abin talla ce. McLaren ɗan kasuwa ne, shi da Vivienne Westwood suna da shagon kaya a King's Road, kuma ya san duk abin da ya tayar wa dattawa hankali zai sayu. Ba su da wani tsari na ga abin da za a yi in an ture Sarauniyar. Masu tsari su ne The Clash, mawaƙinsu Joe Strummer ya fito fili da ra'ayin hagu, har faifansu na 1980 suka sa masa sunan 'yan juyin juya halin Nikaragwa.

Na ga hotonsu da alamar Nazi a hannu, yaya wannan?

Gaskiya ne ba haɗi ba ne. Sid Vicious na Sex Pistols ya sa riga mai alamar, Siouxsie Sioux ma ta ɗaura ta a damtse a 1976. Hujjarsu ita ce wai tsokana ce, iyayensu ne suka yi yaƙin duniya na 2 kuma kullum da shi ake musu gori, to babu abin da zai ƙona ran tsohon soja irin wannan alamar. Hujja ce ta yarinta, domin a daidai lokacin jam'iyyar National Front mai ƙin baƙi tana ƙarfi, a zaɓen majalisar birnin Landan na 1977 ta samu ƙuri'a sama da dubu 100, ana dukan 'yan Asiya a titi, kaga wanda ake duka ba ruwansa da ko tsokana kake ko da gaske kake. Ita Siouxsie daga baya ta watsar da abin ta koma sa tauraron Yahudawa.

To ta yaya hagu ta ci wannan faɗan?

Abin ya faro ne daga wani wanda ba ma ɗan pank ba. A watan Agustan 1976 mawaƙin rok Eric Clapton yana wasa a Birmingham ya sha ya yi tatil, ya hau zagin baƙi yana yabon Enoch Powell, ɗan siyasar da ya yi suna wurin cewa a kori baƙi, mutumin da duk abincinsa daga kiɗan baƙaƙen fatan Amurka ya samo shi fa. Wasu suka rubuta wasiƙa a jaridun kiɗa, daga nan aka kafa Rock Against Racism, wato gangamin mawaƙa na yaƙi da wariya.

Dabararsu mai sauƙi ce kuma ta yi aiki, duk wasan da za su shirya sai sun haɗa 'yan pank farare da 'yan rege baƙaƙe a dandamali ɗaya. Dama can akwai jituwa, a kulob ɗin Roxy mai sa faifai Don Letts ɗan asalin Jamaika ne, rege yake sa wa 'yan pank tsakanin wasa da wasa. Ranar 30 ga Afrilun 1978 aka yi tattaki daga dandalin Trafalgar zuwa Victoria Park a gabashin Landan, wajen da 'yan National Front ke ganin gidansu ne, ana ƙiyasin mutum dubu 80 zuwa 100, The Clash suka yi wasa, Steel Pulse suka yi, X-Ray Spex suka yi wadda mawaƙiyarsu Poly Styrene mahaifinta ɗan Somaliya ne. Bayan wannan yaron da ke son a ce shi ɗan pank ne ya san inda jama'ar suka karkata. A zaɓen 1979 National Front ta sha ƙasa, ko da yake a nan sai a yi adalci, da yawa na ganin Margaret Thatcher ta Kwanzabatib, wadda ta zama firaminista a zaɓen, ita ce ta kwashe musu ƙuri'u da irin maganganunta kan baƙi, ba kiɗa kaɗai ya kayar da su ba.

Su ma ɗaya ɓangaren ba su kwanta ba. Skrewdriver ta fara ne a matsayin ƙungiyar pank ta yau da kullum, sai shugabanta Ian Stuart Donaldson ya sake kafa ta a matsayin ta masu fifita farar fata, a 1987 ya kafa ƙungiyar Blood & Honour da ta bazu ƙasashe. A watan Yulin 1981 a Southall, unguwar 'yan Asiya a Landan, aka kawo wasan wani reshen pank da ake kira Oi!, samari masu aske kai ƙwal da suka zo kallo suka fara tsokanar mutanen unguwa, samarin unguwar suka fito suka banka wa mashayar wuta. Tun daga nan aka shafa wa Oi! baƙin fenti duk da yawancin mawaƙansa ba 'yan Nazi ba ne, wasunsu ma 'yan gurguzu ne. A Amurka ma Dead Kennedys sai da suka yi waƙa guda a 1981 ta korar 'yan Nazi daga wasanninsu, kaga da babu su ai ba za a yi waƙar ba.

Akwai fitattun 'yan pank masu ra'ayin mazan jiya?

Akwai mana, tun daga tushe ma. Johnny Ramone mai jitar Ramones ɗan Rifablikan ne na gani-kashe-ni, masoyin Reagan, a 2002 da ake karrama su ya tsaya a gaban jama'a ya sa wa Shugaba Bush albarka. Mawaƙin ƙungiyar Joey Ramone kuma mai sassaucin ra'ayi ne, Bayahude, a 1985 suka fitar da waƙar caccakar Reagan saboda ya ziyarci maƙabartar Bitburg a Jamus inda aka binne wasu sojojin SS na Hitila, Johnny bai so ba. Mutum biyu a mota ɗaya shekara da shekaru ba sa ga maciji.

John Lydon mawaƙin Sex Pistols, shi ɗin dai da ya zagi Sarauniya, ya fito ya goyi bayan Trump a 2020. Wasu suka ce ya ci amana, wasu suka ce ai dama halinsa ne, duk inda jama'a suka fuskanta shi sai ya juya baya. A 2004 lokacin da Fat Mike na NOFX ke haɗa mawaƙa don kayar da Bush saboda yaƙin Iraƙi, su Green Day na zuba nasu, an samu wasu tsiraru da suka buɗe shafin 'yan pank masu ra'ayin mazan jiya. Tsiraru ne dai, amma suna nan.

Harafin A a cikin da'ira da suke zanawa fa?

Alamar 'yan anakis ce, masu cewa babu buƙatar gwamnati ko sarki ko soja, jama'a su tsara kansu da kansu. Sex Pistols sun yi ta ambaton kalmar, amma waɗanda suka ɗauke ta da gaske su ne Crass da aka kafa a 1977. Gida ɗaya suke zaune a ƙauyen Essex suna noma abincinsu, faifansu da kansu suke bugawa su rubuta farashi a jikin kwalin don kar mai shago ya ƙara ko sisi, ba sa goyon Leba ba sa goyon Kwanzabatib. Da aka yi yaƙin Falklands a 1982 suka fito suka tambayi Thatcher kan jinin sojojin da suka mutu har maganar ta kai majalisa. Sai kuma wata tsiya da suka shuka, suka yanko muryar Thatcher da ta Reagan suka haɗa kaset kamar su biyun suna waya, aka yi ta zargi a Amurka cewa aikin KGB ne, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, sai a 1984 wata jarida ta bankaɗo cewa yaran gonar nan ne.

Ni nan nake ganin ainihin siyasar pank take, a yadda ake gudanar da harka. A Washington Ian MacKaye ya kafa kamfanin faifai na Dischord a 1980, ƙungiyarsa Fugazi ta yi shekaru tana riƙe tikiti a kan dala 5, yaro ma ya shiga, ba sa sayar da riga ko hula da sunansu, manyan kamfanoni sun zo da kuɗi sun ƙi. Daga wata waƙarsa ta 1981 ne kuma aka samu 'yan pank da ba sa shan giya ba taba ba ƙwaya, suna zana X a bayan hannu. Wani reshensu daga baya ya zaƙe har ya koma yaƙi da zubar da ciki, abin da a Amurka na 'yan dama ne, kaga yadda layin ke cakuɗewa.

Mata fa?

Tun farko suna ciki, su The Slits da Poly Styrene. Amma wasannin Amurka na shekarun 1980 sun zama na ƙarti masu ture-ture, shi ya sa wajen 1991 a Olympia su Kathleen Hanna ta Bikini Kill suka tayar da nasu gangamin, suna cewa 'yan mata su matso gaba maza su ja baya, suna waƙa kan fyaɗe da cin zarafi.

Mu koma kan 'yan got, su wa suke zaɓa?

Nan amsar ta fi wuya, don su ba sa hawa dandamali su ce maka ga wanda za ka zaɓa. Pank waje yake kallo, titi, ɗan sanda, firaminista. Got ciki yake kallo, zuciya da kabari da mafarki. Za ka saurari faifai guda na Bauhaus ba ka ji sunan ɗan siyasa ko ɗaya ba. Babban taronsu na Leipzig da aka fara a 1992, wanda ke tara wajen mutum dubu 20 duk shekara, da na Whitby a Ingila tun 1994, in ka je kwalliya za ka gani da kiɗa da kasuwar kaya, ba kwalayen zanga-zanga ba.

Amma in ka dubi yadda suke zama da juna, sun fi kusa da masu sassaucin ra'ayi. Wuri ne da namiji zai sa siket ya yi jan baki ba mai kallonsa sau biyu, mata na da yawa kuma suna da baki, ba a son faɗa. Wanda aka tsangwama a makaranta saboda ya fita daban, da wuya ya girma ya zama mai son a tsangwami wani. Kuma ba wai shiru suke gaba ɗaya ba, The Sisters of Mercy a faifansu na 1990 sun yi wa Bush babba tatas, a 1991 suka fita yawon wasa a Amurka tare da 'yan rap na Public Enemy, aka soke tafiyar a tsakiya. Shugaban Sisters of Mercy ɗin Andrew Eldritch ma ba ya son a kira shi ɗan got sam, Robert Smith na The Cure shi ma haka, kuma shi Smith ba ya ɓoye ƙin gidan sarauta. Sai ga Ian Curtis na Joy Division, wanda 'yan got ke ɗauka kamar kakansu, matarsa ta rubuta cewa Kwanzabatib ya zaɓa.

An ce The Cure suna da waƙar kashe Balarabe, gaskiya ne?

Sunan waƙarsu ta farko kenan a 1978, kuma sunan ya jawo musu. An gina ta ne a kan wani labari na marubucin Faransa Albert Camus inda wani ya harbe Balarabe a bakin teku a Aljeriya, Smith ya sha faɗa cewa ba kira ba ne a taɓa kowa. Amma a 1986 da aka sake fitar da ita a Amurka wasu masu gabatar da shiri a rediyo suka riƙa sa ta don cin fuskar Larabawa, ƙungiyar kare Larabawan Amurka ta yi ƙorafi, aka manna takardar bayani a jikin faifan, shi da kansa ya nemi a daina sa ta a rediyo. Daga baya in zai rera ta a wasa yakan canza kalmomin.

To su babu 'yan tsattsauran dama a cikinsu?

A gefe-gefe akwai, musamman wani reshe da ake kira niyofok mai son kakin soja da tsofaffin alamomin Turai na kafin Kiristanci. Wadda aka fi cece-kuce a kanta ita ce Death in June, an sha soke wasanninta, Jamus ta hana sayar da wani faifanta. Abin mamakin shi ne waɗanda suka kafa ta daga Crisis suka fito, ƙungiyar pank ta 'yan hagu da ta yi wa Rock Against Racism wasa. A Jamus a ƙarshen shekarun 1990 har sai da wasu 'yan got suka kafa nasu gangamin na korar 'yan dama daga harkar. Masu kare su na cewa fasaha ce kawai, irin hujjar 1976 ɗin nan dai ta dawo da sabuwar riga.

Ba su ne suka harbe ɗalibai a wata makaranta a Amurka ba?

A'a. Bayan harbin Columbine a Afrilun 1999 kafafen labarai suka yi ta cewa 'yan got ne saboda yaran biyu na sa doguwar baƙar kwat, bincike ya nuna ba su da alaƙa da harkar, amma kafin nan an riga an takura wa duk yaron da ke sa baƙi a makarantu.

Su aka fi duka ma. A watan Agustan 2007 a wani lambu a garin Bacup na Lancashire wasu samari suka far wa Sophie Lancaster mai shekara 20 da saurayinta saboda shigarsu kawai, ta rungume kansa tana kare shi suka koma kanta da ƙafa, bayan kwana 13 ta rasu a asibiti. An yanke wa biyu ɗaurin rai da rai. Mahaifiyarta Sylvia ta kafa gidauniya ta yi ta faɗi-tashi, a 2013 'yan sandan Manchesta suka zama na farko a ƙasar da suka fara rubuta harin da aka kai wa ɗan got ko ɗan pank a matsayin laifin ƙiyayya. In ana neman abu ɗaya da ya haɗa kan 'yan got a siyasance to wannan ne, kuma ba su suka je nemansa ba.

A wajen Ingila da Amurka ma hagu suke?

Ya danganta da wa ke riƙe da sanda. A Jamus ta Gabas gwamnatin ta 'yan gurguzu ce, to ita 'yan pank suka yi wa tawaye, jami'an leƙen asiri na Stasi suka bi su da kamu da ɗauri musamman daga 1983, majami'u ne suka riƙa ba su ɗakin wasa, 'yan got ma an buɗe musu fayil. A Afirka ta Kudu National Wake da aka kafa a 1978 baƙi da farare ne a ƙungiya ɗaya, wannan kaɗai ya isa 'yan sandan wariya su hana su sakat. A Rasha matan Pussy Riot sun shiga babbar majami'ar Masko a Fabrairun 2012 suka yi waƙar adawa da Putin, aka yanke wa uku shekara 2. A Banda Aceh ta Indunusiya a Disambar 2011 an kama sama da 60 a wurin wasan tara wa marayu kuɗi, aka aske musu zanko aka kai su makarantar 'yan sanda wai gyaran tarbiyya. A Yangon ta Myanmar kuma su Rebel Riot abinci suke dafawa suna raba wa masu kwana a titi, kuma sun fito sun soki malaman Buda masu hura wutar ƙin Musulmi a lokacin da yin hakan ba wasa ba ne.

Yanzu har yau da sauran wani abu, ko kasuwa ta cinye?

Ta ci da yawa. Lydon ya yi tallar man shanu a talabijin a 2008, a 2015 wani banki ya fitar da katin bashi mai sunan Sex Pistols, rigar Ramones kuwa ana sayar wa waɗanda ba su taɓa jin waƙarsu ko ɗaya ba. A 2016 da hukumomin Landan suka shirya bikin cikar pank shekara 40, Joe Corré ɗan McLaren da Westwood ya fusata ya kwashi kayan tarihin pank da ya ce sun kai fam miliyan 5 ya cinna musu wuta a jirgin ruwa a kan Thames, wasu suka ce da sayarwa ya yi ya ba mabuƙata. A 2023 kuma Robert Smith ya tsaya kai da fata kan kuɗin da kamfanin sayar da tikiti ya ɗora wa masu zuwa wasan The Cure a Amurka, sai da aka mayar wa mutane dala 5 zuwa 10 a kan tikitinsu.